Yajin Aiki, Mafi Ƙarancin Albashi, da Ma'aikatan da Doka Ta Manta da Su

Masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi ƙungiyoyin ƙwadago a Najeriya, da takaddamar da suka yi da gwamnati a kan mafi ƙarancin albashi, da kuma makomar miliyoyin masu cin guminsu waɗanda dokar albashin ba ta ma san da zamansu ba.

Da asubahin Litinin, 3 ga Yuni, 2024, ma'aikatan lantarki suka kashe babban layin wutar ƙasa, zirga-zirgar jiragen sama ta tsaya a Legas da Abuja, aka garƙame ofisoshin gwamnati da makarantu da bankuna da dama a sassan ƙasar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ƙarƙashin Joe Ajaero, da takwararta ta manyan ma'aikata, TUC, ƙarƙashin Festus Osifo, su ne suka kira wannan yajin aiki. Kafin rana ta yi tsaka, zargi ya cika gari. Ministan shari'a ya ce yajin ya saɓa wa doka, wasu 'yan kasuwa suka ce ana yi wa tattalin arziki zagon ƙasa, wasu talakawan ma da suka wuni cikin zafi ba wuta suka ce 'yan ƙwadago ba su da tausayi. Wannan fushi abin fahimta ne. Sai dai kafin a yanke wa ma'aikata hukunci, adalci ya wajabta a waiwayi abin da ya kawo su wannan matsayi.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar mai da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500, kafin ƙarshen Yuli kuma ta haura 600. A watan Yunin shekarar aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta kuwa faɗi warwas. Ya zuwa Yunin 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, ta kayan abinci kuma ta wuce kashi 40. A duk tsawon wannan lokaci, mafi ƙarancin albashi yana nan a naira 30,000 da aka sa wa hannu tun Afrilun 2019. Ma'aikacin da ke zaune a Maraba ko Suleja yana zuwa aiki cikin Abuja ya wayi gari kuɗin mota kaɗai na neman cinye albashinsa, tun kafin a yi maganar cefane, da kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da magani.

A Janairun 2024 gwamnati ta kafa kwamiti mai mutum 37 na ɓangarori uku, wato gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata da 'yan ƙwadago, ƙarƙashin jagorancin tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, Bukar Goni Aji. 'Yan ƙwadago suka fara da neman naira 615,000, gwamnati ta ce 48,000. An yi ta yi wa adadin farko ba'a, ana cewa mafarki ne. To, duk wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ya san mai kaya ba ya buɗe baki da farashin da zai sallama, kuma 'yan ƙwadagon sun yi ta saukowa har zuwa 250,000. Abin lura shi ne yadda tayin gwamnati ya yi ta jan ƙafa, daga 48,000 zuwa 54,000, zuwa 57,000, ya tsaya a 60,000. Bayan an kashe wuta ne shugaban ƙasa ya yi alƙawarin biyan abin da ya haura 60,000, aka dakatar da yajin washegari, tayi ya koma 62,000, sannan ranar 18 ga Yuli aka daidaita a kan 70,000, tare da rage wa'adin sake duba albashin daga shekara 5 zuwa shekara 3. An sa wa dokar hannu ranar 29 ga Yuli. Wanda ya bi wannan jeri da idon basira zai ga cewa abin da watanni na zaman teburi suka kasa motsawa, yini biyu na ajiye aiki ya motsa shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin ƙasar nan, kuma a nan ne masu ra'ayin ci gaba suke kafa hujjarsu. A Yunin 1945, ma'aikatan jirgin ƙasa da na sauran ma'aikatun gwamnatin mulkin mallaka suka ajiye aiki na kimanin makonni shida, suna neman ƙarin alawus saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya haddasa. Michael Imoudu, wanda Turawa suka tsare shekaru biyu kafin nan saboda gwagwarmayarsa, shi ne ya zama fuskar wannan yaji, kuma a ƙarshe sai da aka kafa kwamitin bincike aka yi ƙarin. Shekaru huɗu bayan haka, ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley da ke Enugu, suka kashe mutum 21 waɗanda laifinsu shi ne neman haƙƙin aikinsu. Jinin waɗannan leburori ya haɗa kan 'yan kishin ƙasa daga sassa daban-daban, ya kuma ƙara wa fafutukar neman 'yancin kai ƙarfi. A 1964, bayan samun 'yanci, ma'aikata sun sake ajiye aiki na kusan makonni biyu saboda gwamnati ta yi ta jan ƙafa a kan rahoton kwamitin Morgan na gyaran albashi. Ita kanta dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, wadda ta tsayar da naira 125 a 1981 zamanin Shugaba Shehu Shagari, ta biyo bayan yajin aikin gama-gari ne da NLC ta kira ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Da wuya a nuna wani babban haƙƙi da ma'aikacin Najeriya ke mora a yau wanda aka miƙa masa kyauta, ba tare da ya tashi tsaye ba.

Lissafin wannan naira 125 abin dubawa ne. A 1981 Naira ta fi Dalar Amurka daraja, saboda haka mafi ƙarancin albashin wancan lokaci ya kai kimanin dala 200. Naira 30,000 ta 2019 ta haura dala 80 da kaɗan a farashin kasuwa. Naira 70,000 kuwa, a ranar da aka sa mata hannu, ba ta kai dala 50 ba, kuma a kasuwanni da yawa buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ta tsada. Wato a cikin shekaru arba'in da 'yan kai, adadin kuɗin ya ninka sau ɗaruruwa, amma abin da yake iya saye ya ragu matuƙa. Idan haka ta faru alhali akwai ƙungiyoyin ƙwadago suna turjiya, sai mai saurare ya auna da kansa inda za a kai da babu su.

Hujja mafi nauyi da ake kafawa a kan yajin aiki ita ce cutar da yake yi wa wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ba hujja ce ta wasa ba. Idan likitoci suka ajiye aiki, mai kuɗi yana da asibitin kuɗi, mai mulki yana da jirgin sama, mai naƙudar da aka kawo daga ƙauye a bayan a-kori-kura ita ce ke tarar da ƙofa a rufe. Lokacin da malaman jami'a na ASUU suka yi yajin wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, 'ya'yan talakawa ne suka zauna a gida, wasu suka kama sana'a ba su sake komawa aji ba. Ya zama wajibi ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya su riƙa barin sashen gaggawa da ɗakin haihuwa a buɗe ko ana tsakiyar yaji, domin rai ba ya jiran a gama tattaunawa. Amma bayan an faɗi wannan, sai a tambayi mafarin rikicin. Yajin ASUU na 2022 ya samo asali ne daga yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu tun 2009, wadda aka yi ta ɗage cika ta da sake duba ta shekara da shekaru. A watan Oktoban 2023, gwamnati ta yi wa ma'aikatan tarayya alƙawarin ƙarin naira 35,000 a wata na wucin gadi domin a fasa yajin da aka shirya, amma biyan ya yi ta tsayawa har bashi ya taru. Gwamnati kan yi hanzarin garzayawa Kotun Ma'aikata ta samo umarnin hana yaji, ta kuma ɗauko sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata mai cewa ba aiki ba albashi, amma ba a taɓa jin jami'in da aka hukunta saboda ya sa hannu a yarjejeniya ya ƙi cikawa ba. Doka tana da bulala ga wanda ya ajiye aiki, ba ta da ita ga wanda ya karya alƙawari, kuma muddin haka take, yajin aiki zai ci gaba da zama harshen da ma'aikata suka san ana ji.

Ya kamata kuma a tuna cewa shiga ƙungiyar ƙwadago haƙƙi ne da sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar, kuma tun 1960 Najeriya ta amince da yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, masu kare 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki a jimlace. Duk da haka, gwamnatoci sun sha nuna cewa wannan haƙƙi yana yi musu nauyi. Gwamnatin Babangida ta rushe shugabancin NLC a 1988, ta Abacha ta sake rushe shi a 1994 tare da na ƙungiyoyin ma'aikatan mai, ta kuma tsare babban sakataren ɗaya daga cikinsu, Frank Kokori, har zuwa 1998. A zamanin farar hula ma, an yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago gyara a 2005 domin rage wa NLC ƙarfi bayan jerin yajin da ta yi a kan ƙarin kuɗin mai. A Mayun 2021 gwamnan Kaduna na lokacin ya ayyana shugaban NLC, Ayuba Wabba, a matsayin wanda ake nema ruwa a jallo saboda ya jagoranci yajin gargaɗi a kan korar dubban ma'aikata. A Nuwamban 2023 kuma aka lakaɗa wa Joe Ajaero duka a Owerri. Mutum yana iya saɓa wa waɗannan shugabanni a ra'ayi, amma ƙasar da ake dukan shugaban ma'aikata a bainar jama'a ba za ta ce wa ƙaramin lebura ya je ya nemi haƙƙinsa ba tare da tsoro ba.

Sa hannu a doka a Abuja kuma ba shi ne kuɗi ya shiga aljihu ba. Tun ana tsakiyar tattaunawa Ƙungiyar Gwamnoni ta fito ta ce ko naira 60,000 jihohi ba za su iya ɗauka ba, alhali kason da suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai. Daga bisani jihohi suka yi ta sanar da nasu adadin, Kano 71,000, Kaduna 72,000, Kebbi 75,000, Neja 80,000, Legas 85,000, wasu kuma sai da NLC ta ba su wa'adin farkon Disamba tare da barazanar yaji. Inda abin ya fi tsanani shi ne ƙananan hukumomi, inda malaman firamare da ma'aikatan lafiya na matakin farko suke. A cikin Babban Birnin Tarayya kansa, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yaji daga Maris ɗin 2025 saboda ba a biya su sabon albashin ba, yara suna zaune a gida, ga fadar shugaban ƙasa ana hango ta. Idan haka ta faru a Abuja, babu buƙatar dogon bayani a kan halin da malamin ƙauye yake ciki, wanda ke koyar da yara fiye da ɗari a aji guda, ya tashi daga makaranta ya wuce gona ko ya hau babur ya yi acaɓa domin ya cike giɓin wata. Mu da muka tashi muna jin hadisin da ke umartar a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai kamata a ce sai an rufe makarantu kafin a biya malami ba.

Yanzu sai mu zo ga waɗanda ba a yi zancensu a teburin ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin ɗan lokaci, da masu aikin kamasho, da ma'aikatan gona na damina ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna wajen tsarin aikin hukuma ne. Ma'anar wannan ita ce, duk wannan fafatawa ta 2024 an yi ta ne a kan 'yan tsiraru. Malamar da ke koyarwa a ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwa, wadda ake ba ta abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba, kuma ba a biyan ta idan an yi hutu, ba ta ciki. Yaron shago, da mai sayar da mai a gidan mai, da maigadi, da 'yan dako, da yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye, duk ba sa ciki. A manyan kamfanoni ma an samo dabarar kauce wa doka ta hanyar ɗaukar ma'aikata a hannun 'yan kwangila. Za ka ga matashi a bayan kanta a banki, sanye da kwat, yana ƙirga miliyoyi daga safe zuwa yamma, amma a takarda shi ba ma'aikacin bankin ba ne, ba shi da giratuti, ba shi da tabbacin gobe, kuma ya san ranar da ya ambaci ƙungiya ita ce ranarsa ta ƙarshe a wurin. Dokar ƙwadago ta ce a bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa, amma a masana'antun Sharaɗa da Bompai da makamantansu akwai waɗanda suka shekara suna tsayuwa a bakin ƙofa kowace safiya ana zaɓen wanda zai shiga.

A Arewa wannan magana ta fi ciwo, domin mun ga abin da ya biyo bayan rugujewar aikin masana'anta. Masaƙar Kaduna, KTL, da aka buɗe a 1957, da Arewa Textiles da sauran masaƙun Kakuri, sun riƙe dubban iyalai, sun kuma haifar da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwadago mafiya ƙarfi a ƙasar, wadda Adams Oshiomhole ya fito daga cikinta har ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. Da aka rufe KTL a 2002, tsoffin ma'aikatanta sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. 'Ya'yansu su ne a yau ke tuƙa adaidaita sahu, suna ɗinki, suna gyaran waya. Ƙwadagon bai ƙare ba, wurin yinsa ne ya watse daga babbar masaƙa zuwa dubban ƙananan rumfuna, kuma ƙungiyar da ta tsaya jiran a cire mata kuɗin mamba daga albashin gwamnati ba za ta taɓa isa gare su ba.

Masu cewa ba a iya haɗa kan irin waɗannan mutane ba su lura da abin da ke faruwa a gabansu ba. A Janairun 2022, direbobin adaidaita sahu a Kano suka ajiye aiki saboda takaddama da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, KAROTA, a kan kuɗin sabunta lasisi, birni ya tsaya, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata suka cika tituna a ƙasa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙa kuwa, da ta ga masana'antu na mutuwa, ta buɗe ƙofarta ga teloli masu zaman kansu, ta shigar da su cikinta. Kusan kowace kasuwa a ƙasar Hausa tana da ƙungiyar mahauta, da ta 'yan dako, da ta direbobi, masu shugabanni da asusu da hanyar sasanta rikici. Abin da suka rasa shi ne kujera a wurin da ake yanke shawarar haraji, da inshorar lafiya, da fansho, da filin kasuwa. Siyasar talakawa da jam'iyyar NEPU ta assasa a Kano a 1950 ba ta taƙaita ga masu albashi ba, ta haɗa manomi da maƙeri da ɗan koli, kuma ƙungiyar ƙwadago mai ikirarin ra'ayin ci gaba ba za ta yi ƙasa da haka ba.

Dole ne kuma shugabannin ƙwadago su saurari ƙorafin da ake yi a kansu. A Janairun 2012, lokacin da aka mayar da litar mai daga naira 65 zuwa 141, jama'a sun fito ƙwansu da kwarkwata, a Kano matasa sun kwana a shataletalen Silver Jubilee, amma da aka rage kuɗin zuwa 97 sai aka janye yaji ba tare da an tuntuɓi waɗanda ke kan titi ba, kuma har yau wasu na riƙe da wannan a rai. Yawan ba da wa'adi a janye a daren ƙarshe ya sa talaka ya fara zargin cewa akwai abin da ake ƙullawa a bayan fage. Maganin wannan zargi shi ne a riƙa bayyana wa mambobi abin da aka tattauna dalla-dalla, a ba su damar kaɗa ƙuri'a kafin a shiga yaji da kafin a janye shi, a kuma fito da lissafin kuɗin ƙungiya a fili. Haka nan mata, waɗanda suka cika aikin jinya da koyarwa da sharar ofisoshi, har yanzu ba su da wakilcin da ya dace da yawansu a manyan kujerun ƙwadago, shi ya sa batun hutun haihuwa da cin zarafi a wurin aiki ba kasafai yake kaiwa saman takardar buƙatu ba.

Bisa sabon wa'adin shekara 3, a 2027 ne za a sake zama a kan mafi ƙarancin albashi, shekarar da kuma za a yi babban zaɓe. Tabbas za a sake jayayya a kan adadi, kuma 'yan siyasa za su yi alƙawura. Abin da ya kamata NLC da TUC su shigo da shi teburin tun daga ranar farko shi ne a rage ko a soke sharaɗin ma'aikata 25, a ɗaure albashin da hauhawar farashi yadda zai riƙa motsawa duk shekara ba sai an kashe wuta ba, a tilasta wa kamfanin da ke amfani da 'yan kwangila ya ɗauki alhakin haƙƙinsu, a kuma tanadi hukunci ga gwamna ko shugaban ƙaramar hukumar da ya ƙi biya. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke da ikon yin waɗannan gyare-gyare, tun da mafi ƙarancin albashi yana cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, kuma 'yan majalisar za su zo neman ƙuri'ar waɗannan ma'aikata kafin kwamitin ya kammala zamansa.